Shin Ko Kun San? Inda Tsohuwar Wayarku Take Ƙarewa

Shin ko kun san cewa a shekarar 2022 kaɗai duniya ta zubar da tan miliyan 62 na matattun kayan lantarki? Wannan lissafi ne na hukumomi biyu na Majalisar Ɗinkin Duniya, ITU da UNITAR, a rahoton da suka fitar a 2024. Sun ce da za a loda kayan a tireloli masu ɗaukar tan 40, sai an cika tirela miliyan 1 da dubu 550, kuma in suka jeru gaba da baya za su zagaye duniya ta ƙugunta. A 2010 tan miliyan 34 ne kacal. Ana hasashen zai kai miliyan 82 kafin 2030 ta fita.

Kada ku ɗauka waya da kwamfuta kawai ake nufi. Duk abin da ke da fulogi ko batir, mai shi kuma ya haƙura da shi, ya shiga lissafi: firji, fanka, dutsen guga, tocila mai caji, farantin sola, kwan fitila, har motar wasan yara. Wayoyi da ƙananan kayan sadarwa ma ba su kai tan miliyan 5 ba. Tarkacen gida irin su butar lantarki da injin markaɗe da kayan wasa su ne suka kwashe kusan kashi ɗaya cikin uku.

Shin ko kun san cewa kashi 22.3 cikin 100 ne kawai aka rubuta cewa an tattara an sarrafa yadda ya kamata? Mutumin Turai yana zubar da kilo 17.6 a shekara, ɗan Afirka kuwa kilo 2.5. A Turai ana tattara sama da kashi 40 a hukumance, a Afirka bai kai kashi 1 ba. To amma wannan adadi na Afirka a riƙe shi da hankali. Duk wanda ya taɓa ajiye mataccen firji a ƙofar gida a Kano ko Kaduna ya san ba zai kwana biyu ba 'yan jari bola sun yi masa ciniki. Ana tattarawa sosai. Rubutawa ce ba a yi, kuma abin da ke faruwa bayan tattarawar shi ne inda gizo ke saƙar.

Shin ko kun san cewa lambobin yabo na gasar Olamfik ta Tokiyo daga shara aka ƙera su? Tsakanin Afrilun 2017 da Maris ɗin 2019, Japan ta tara kusan tan 79,000 na ƙananan na'urori, ga kuma wayoyi miliyan 6 da dubu 210. Daga ciki aka tace zinare kilo 32, azurfa kilo 3,500, tagulla kilo 2,200, aka buga lambobi kusan 5,000. Ku sake duba adadin zinaren: kilo 32 daga duk wannan tudun kaya. Waya ɗaya ba ta ɗauke da fiye da ɗan ƙwarya-ƙwaryan kashi 3 cikin 100 na giram guda. Saboda haka wanda ya fasa wayarsa a tsakar gida yana neman zinare ya yi asarar waya kawai. Ribar tana cikin yawa, tana kuma hannun masu manyan tukwanen narkarwa, irin na kamfanin Umicore da ke Hoboken kusa da Antwap a Beljiyam, ko na Boliden a arewacin Suwidin. Masana'antar buga kuɗin Birtaniya ma ta buɗe nata wurin a yankin Wales a 2024, tana tace zinare daga allunan cikin na'urori.

In aka haɗa duka, ƙarafan da ke cikin sharar 2022 sun kai darajar dala biliyan 91, jan ƙarfe kaɗai biliyan 19, zinare biliyan 15.

Shin ko kun san cewa narkarwa ita ce matakin ƙarshe, kuma mafi ƙarancin riba, a cikin abin da ake kira tattalin arziki mai zagayawa? Tsarin da duniya ta saba da shi miƙaƙƙe ne: a haƙo, a ƙera, a sayar, a yar. Mai zagayawa kuwa yana so kaya ya daɗe a hannu: a kula da shi, in ya lalace a gyara, in an gaji da shi a miƙa wa wani, in ya tsufa a sabunta shi, in ya mutu a ciri sassansa a rayar da wani, sai wanda ya gagara sannan a narkar. Dalilin wannan jeri a fili yake. Kusan kashi 80 cikin 100 na hayaƙin ɗumamar yanayi da waya ke jawowa a duk rayuwarta, an riga an fitar da shi tun kafin a ɓare kwalinta, wato wajen haƙo ma'adinai da ƙira da jigila. Cajin da kuke yi mata kullum ɗan kaɗan ne a lissafin. Wanda ya ƙara wa wayarsa shekara biyu da sabon batir ya yi aikin da ya fi na wanda ya kai ta wurin narkarwa ya sayi sabuwa.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka fara tsara wannan tunani shi ne Walter Stahel, masanin zanen gine-gine ɗan ƙasar Suwizalan. A 1976 shi da Geneviève Reday suka rubuta wa hukumar Tarayyar Turai rahoto, hujjarsu kuwa ita ce: ƙera sabon abu yana cin makamashi mai yawa da hannaye kaɗan, gyara kuma yana cin hannaye masu yawa da makamashi kaɗan. Ku auna wannan da ƙasar da matasa suka yi yawa, wutar lantarki ta yi ƙaranci. Daga baya Ellen MacArthur, 'yar Ingila da ta zagaye duniya ita kaɗai a jirgin ruwa mai tafiya da iska cikin kwana 71 a 2005, ta kafa gidauniya a 2010 wadda ta sa maganar ta shiga bakin manyan kamfanoni.

Shin ko kun san cewa an taɓa cin tarar kamfanoni saboda kayansu sun cika ƙarko? A Disambar 1924 manyan masu ƙera kwan fitila, cikinsu har da Osram ta Jamus da Philips ta Holan, suka haɗu a Janeba suka kafa ƙungiyar da ake kira Phoebus. Suka yanke cewa kwan fitila kada ya wuce awa 1,000. Kowace masana'anta tana aika samfuri zuwa ɗakin gwaji a Suwizalan, wanda kwansa ya zarce ya biya tara. Matsakaicin ran kwan ya sauko daga kusan awa 1,800 a 1926 zuwa 1,205 a wajen 1934. Yaƙin Duniya na Biyu ne ya wargaza ƙungiyar. Masu ba da wannan labari suna son haɗa shi da kwan nan na ofishin 'yan kwana-kwana a Livermore ta Kalifoniya, wanda ke ci tun 1901. Gaskiya ne yana ci, sai dai haskensa bai taka kara ya karya ba, don zaren da aka ƙure wa zafi ya fi haske, ya kuma fi saurin tsinkewa. Wannan bai wanke Phoebus ba, tunda tara suka sa, ba zaɓi suka bai wa mai saye ba.

Dabarar ba ta mutu ba, riga ta sake. A ƙarshen 2017 Apple ta amsa cewa tana rage wa tsofaffin iPhone gudu ta hanyar manhaja, ta ce don kada su riƙa mutuwa farat ɗaya in batir ya tsufa. Laifin da aka kama ta da shi shi ne rashin faɗa wa mutane, waɗanda da yawansu suka sayi sabuwar waya alhali batir kawai suke bukata. Faransa ta ci ta tarar yuro miliyan 25 a 2020. Tun 2018 Italiya ta riga ta ci Apple yuro miliyan 10, Samsung kuma miliyan 5. A Faransa, tun 2015, gajarta ran kaya da gangan laifi ne mai ɗaurin shekara biyu da tarar yuro 300,000.

Shin ko kun san cewa ana iya sa wa waya gilashi na asali, sabo fil, ta ƙi amincewa da shi? Wannan ita ce dabarar ɗaure sassa da lamba. Kamfani yana bai wa gilashi da batir da kyamara kowanne lambarsa, ya rubuta ta a ƙwaƙwalwar wayar. Mai gyara ya ciro lafiyayyen sashe daga 'yar'uwarta ya sa, sai ta fara nuna gargaɗi, ko wani aiki ya daina. Ƙarfe bai lalace ba, izini ne babu. Jihar Oregon ta Amurka ta yi dokar hana wannan a 2024. Manoman Amurka ma sun daɗe suna fafatawa da John Deere a kan haka: tarakta ta tsaya a gona ana tsakar girbi, manomi ya san abin da ya lalace, amma sai dilan kamfani ya zo da kwamfutarsa ya buɗe. Hukumar kula da cinikayya ta ƙasar ta maka kamfanin a kotu a Janairun 2025.

Wannan dabara ta fi kowace barazana ga masu gyaran wajenmu, domin jarinsu na gaske matattun wayoyi ne. Ku leƙa kasuwar Farm Centre ko titin Beirut a Kano. Mutum ya miƙa waya ya ce, "Injiniya, ba ta caji." Mai gyara ba ya gaggawar buɗewa. Sai ya fara haska bakin cajin, ya sa ɗan tsinke ya ƙwaƙulo audugar aljihu da ƙura, don sau da yawa ciwon ke nan. In ba shi ba ne, ya hura wa bayan wayar iska mai zafi har gam ya saki, ya zura siririyar roba ya ɗaga murfin a hankali kada ya tsinke zaren da ke ƙasa, ya ɗora mita ya ga inda wuta ta tsaya. Sannan ya jawo durowa cike da gawarwakin wayoyi, ya zaƙulo irinta wadda gilashinta ya tarwatse, ya cire bakin cajinta ya liƙa wa mai rai. Matacciyar waya ɗaya tana iya ceton uku ko huɗu kafin a ce ta ƙare. Ranar da kowane sashe ya zama sai da izinin kamfani, wannan durowa ta zama bola.

Shin ko kun san cewa abin da muke da shi a kowace kwana, Turai sai da ta farfaɗo da shi da sa-kai? A Oktoban 2009 wata 'yar jarida mai suna Martine Postma ta shirya taro a Amsterdam inda mutane ke kawo kayansu da suka lalace, masu sani su taya su gyara kyauta, ana shan shayi. Yanzu irin waɗannan wurare sun kai dubbai a duniya. A can ladan mai gyara na awa guda yana iya fin kuɗin sabon dutsen guga, shi ya sa sana'ar ta ƙaranta.

Dokoki sun biyo baya. A Janairun 2021 Faransa ta wajabta a manna wa waya da kwamfutar cinya da talabijin da injin wanki maki daga cikin 10, mai nuna sauƙin gyaransu: ana samun kayan gyara? Nawa ne? Da sukudireba ake buɗewa ko an cika gam? Daga 28 ga Disambar 2024 duk sabuwar wayar da za a sayar a Tarayyar Turai dole ta yi amfani da caja mai bakin USB-C, bayan an ƙiyasta cewa cajojin da ake zubarwa suna kai tan 11,000 a shekara. Daga Yunin 2025 kuma dole a ci gaba da samar da kayan gyaran waya har shekara 7 bayan an daina sayar da ita, batir kuma ya riƙe kashi 80 na ƙarfinsa bayan caji 800. A takarda dai abin ya yi kyau, amma ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Abin da ya shafe mu shi ne, kamfani ba ya son ƙera waya iri biyu, don haka abin da aka tilasta masa a Turai yakan iso kasuwarmu. iPhone 15 ta koma USB-C a duk duniya, ba a Turai kaɗai ba.

Shin ko kun san cewa wani ƙaramin gari a Najeriya yana cikin dalilan da suka sa duniya ta yi dokar safarar shara mai guba? A 1987 da 1988 wasu 'yan kasuwar Italiya suka sauke sama da tan 3,500 na sharar masana'antu a cikin durom-durom a Koko, da ke tsohuwar jihar Bendel, Delta ta yanzu. Hayar fili suka kama a kan kusan dala 100 a wata. Ɗaliban Najeriya da ke karatu a Italiya ne suka ankarar da gida. Gwamnatin Babangida ta janye jakadanta, ta tsare jirgin ruwan Italiya, aka tilasta kwashe kayan. Jirgin da ya ɗauke su, Karin B, ya yi ta yawo a tashoshin Turai kowa yana korar sa. A 1988 aka yi doka mai lamba 42 da ta tanadi ɗaurin rai-da-rai ga mai shigo da irin wannan shara, aka kuma kafa hukumar kare muhalli ta FEPA. A 1989 aka ƙulla Yarjejeniyar Basel. Ƙasashen Afirka suka ga ba ta yi tsauri ba, suka yi tasu a Bamako a 1991. Amurka ta sa hannu a ta Basel, amma har yau ba ta tabbatar da ita ba.

Sharar yau ba a durom take zuwa ba. Wani bincike da aka yi a tashoshin jiragen ruwan Legas a 2015 da 2016 ya gano ana shigo da kusan tan 60,000 na kayan lantarki na hannu a shekara, kusan kashi uku cikin huɗu daga tashoshin Turai. Kusan kashi 70 cikin 100 ba a kwantena suke ba, cusa su ake yi a cikin motocin hannu da ake shigowa da su, a kulle ƙofa. Aƙalla tan 15,400 matattu ne tun daga can.

Duk da haka, kada a ɗora wa baƙo laifin duka. Rahoton sakatariyar Basel a kan Afirka ta Yamma ya nuna cewa har kashi 85 cikin 100 na sharar lantarkin yankin kayan da muka yi amfani da su ne suka mutu a hannunmu. Kuma kwamfutar hannu da ake saye a Computer Village ta Ikeja ko kasuwar Alaba ita ce ta ba ɗalibai da yawa damar mallakar ta farko. Hana kayan hannu kacokan ba mafita ba ce. A raba mai aiki da gawa, shi ne aikin. Gana ta hana shigo da tsofaffin firji tun 2013, saboda shan wuta da suke yi.

Shin ko kun san abin da ke cikin baƙin hayaƙin nan da ke tashi a bayan kasuwar gwangwan? Wayar wuta ce ake ƙonawa don roba ta narke jan ƙarfe ya fito. Yaro ya dunƙule wayoyi, ya sa soson cikin firji ko tsohuwar taya ya zama makamashi, yana juyawa da sanda, fuskarsa a cikin hayaƙin, sannan ya watsa ruwa ya kakkaɓe toka ya kai sikeli. Robar nan in ta ƙone tana fitar da guba mai suna dayoksin, wadda ba ta narkewa a ƙasa, sai ta taru a kitsen dabba. A 2019 aka gwada ƙwan kajin da ke kiwo a Agbogbloshie, shahararriyar kasuwar gwangwan ta Akara inda akasarin masu aikin matasa ne daga arewacin Gana, aka tarar ƙwai ɗaya ya ninka iyakar da hukumar abinci ta Turai ta amince da ita sau 220. Hukuma ta rushe wurin a Yulin 2021, aikin kuma bai tsaya ba, watsuwa ya yi cikin unguwanni. Abin takaici, ƙaramin injin feɗe waya yana fitar da jan ƙarfe fes ba tare da wuta ba, kuma wanda bai ƙone ba ya fi tsada. Allunan da ke ɗauke da zinaren kuwa dillalai ke saye da kilo, a tara a fitar waje. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Sai dalma. Gilashin tsohuwar talabijin mai ƙeya yana ɗauke da kilo ɗaya ko fiye. Dogon kwan fitila fari yana da zaiba. Amma wanda ya fi ba ni tsoro shi ne batirin mota da na inbata da na sola, da ke ƙaruwa a kowane gida saboda rashin wuta. Ana fasa shi da gatari, a tsiyaye ruwan a ƙasa, a narkar da dalmar a fili. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a ce ba ya cutarwa, kuma ƙwaƙwalwar yara ta fi taɓawa. Mun ga aikinta a Zamfara a 2010, lokacin da yara sama da 400 suka rasu a yankunan Anka da Bukkuyum. Waccan daga dutsen zinare ta fito, ba daga batir ba, amma gubar ɗaya ce. Har tukunya ba ta tsira ba: wani bincike a Kamaru a 2014 ya nuna tukwanen da ake zubawa daga tarkacen sanholo suna sakin dalma in an dafa abu mai tsami. Maƙeran da ke wannan aiki a Panteka ta Kaduna ko kasuwar Katako ta Yamai gwanaye ne, abin da ake jefawa cikin narkon ne yake bukatar tantancewa.

Batirin waya kuwa in ya kumbura har ya ɗaga murfi, kada a huda shi, kada a jefa shi a wuta ko a juji. Kamawa yake yi da wuta, kuma ruwa kaɗan ba ya kashe ta.

Shin ko kun san ma'anar hoton kwandon shara mai taya da aka soke da gicciye a bayan cajarku? Yana nufin kada a haɗa wannan da sharar gida. An wajabta shi a kan kayan lantarki ne a dokar Turai ta 2003, wadda aka gina a kan ra'ayin Thomas Lindhqvist, ɗan Suwidin, na 1990: wanda ya ƙera kaya ko ya shigo da shi, shi zai ɗauki nauyin kwashe shi in ya mutu. Najeriya ta sa wannan a ƙa'idojin hukumar muhalli ta NESREA na 2011, aka kafa ƙungiyar EPRON a 2018 don tara kuɗin daga kamfanoni. Gana ta yi dokarta a 2016. Ruwanda ta buɗe masana'antar wargaza kayan lantarki a Bugesera a 2017. Ma'aunin nasarar kowane irin wannan shiri guda ne a ganina: ko kuɗin yana isa hannun ɗan jari bola, har ya ga ya fi masa riba ya kai firji cikakke wurin da aka tanada a kan ya fasa shi ya ciri jan ƙarfe ya bar sauran a kwata.

Shin ko kun san cewa 14 ga Oktoba ita ce ranar sharar lantarki ta duniya? A daidai wannan rana ta 2025 Microsoft ta daina tallafin yau da kullum ga Windows 10. Kamfanin bincike na Canalys ya ƙiyasta cewa kwamfutoci kusan miliyan 240 za su iya zama shara saboda ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba, alhali suna aiki lafiya lau. Da yawansu za su nufo tashoshinmu da sunan kayan hannu. Sai dai wannan karon za su tarar da sabuwar ƙa'ida: daga 1 ga Janairun 2025, bisa gyaran da Gana da Suwizalan suka gabatar wa Yarjejeniyar Basel, duk sharar lantarki, mai guba da marar guba, ba ta tsallaka iyaka sai ƙasar da za a kai wa ta amince a rubuce tun kafin jirgi ya tashi. Kayan da aka gwada aka tabbatar suna aiki ba sa cikin wannan hani, don haka rigimar ta koma kan wanda zai yi gwajin, da kuma wanda zai buɗe ƙofar motar a tashar Tin Can ya duba.